Haƙorin da Na Hana a Cire

Godiya ta tabbata ga Allah, mai ba da lafiya mu yi ta wasa da ita, mai aiko ciwo mu dawo hayyacinmu. Labarin da zan bayar na haƙori ɗaya ne tak. Na san akwai mai cewa, yanzu don haƙori ɗaya har mutum ya zauna ya ɓata takarda? Wanda ya faɗi haka bai taɓa yi ba, ina kuma roƙa masa Allah kada ya yi. Na rubuta ne saboda 'yan'uwana mata masu turara shinkafa a Kura da Bunkure da ƙauyukan bakin kanal, domin a bakin sana'armu abin ya same ni, kuma har gobe ina ganin mata suna yin abin da ya ja mini.

Sunana Kulu. Lokacin da abin ya faru, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina zaune da maigidana Malam Sule a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Yana da gona a cikin filin noman rani, da damina ya yi shinkafa, da rani ya yi alkama, don a shekarun nan kowa alkama ya sa a gaba. Ni tawa sana'ar a cikin gida take. Ana kawo mini shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, in jiƙa ta ta kwana, in turara a rabin durom, in shanya, in ta bushe a kai inji. Wahalar aikin duka gefe guda, sanin bushewar gefe guda. In da sauran danshi inji ya dame ta, in ta wuce misali ya kakkarya ta, mai kaya ya zo yana yi miki kallon banza. Ma'auninmu kuwa haƙori ne. Ki ɗauki ƙwaya ki ɗora tsakanin haƙoran gaba ki ciza. In ta ce ƙas, ta yi. In ta yi danƙo, a ƙara mata rana. Haka na koya a wurin matan garin, haka su ma suka koya.

Ranar, da hantsi cikin sanyi, na baza shanya a daɓen tsakar gida. Akuyar maƙwabta ta shigo ta sa baki. Na bi ta da masifa, hannu ɗaya yana jifa, ɗayan ya kai ƙasa ya ɗebo ya kai baki ban duba ba. Da fushin akuyar na ciza. Ashe farar tsakuwa ce, daidai girman ƙwayar shinkafa kamar an auna. Ƙarar a cikin kaina na ji ta, ba a kunne ba. Na tofar a tafin hannu, ga tsakuwa lafiya lau, ga ɓallin haƙorina a gefenta. Akuya kuwa ta koma ta ci gaba da cin abinta.

Da na duba madubi, na sama ne na gaba, kusurwarsa ta tafi, ga wani siririn layi ya yi sama wajen dasashi. Babu jini, babu wani zafin kirki. Na ce Allah ya taƙaita, na koma bakin aiki. A makon farko ruwan randa ne kawai in ya taɓa wurin sai in daka tsalle. Na koma sha ta gefen baki, na ɗauka shi ke nan.

Abin da ya fara tayar mini da hankali ba ciwo ba ne. Wata safiya na buɗe Alƙur'ani ina karatuna bayan sallah, sai na ji wata iska tana biyo harafin sin, siririya, kamar ana hura wuta daga nesa. Na maimaita, ta sake biyowa. A nan gabana ya faɗi, kuma sai na faɗi dalili.

Mahaifina, Baba Malam, yana wani ƙauye ta wajen Madobi, yana da makarantar allo da 'yar gonarsa. Ba mahaddaci ba ne, sai ya duba Alƙur'ani yake karantawa, amma tun yana saurayi bai taɓa barin watan azumi ya wuce bai sauke ba. Da yanar ido ta rufe masa gani, sai karatun ya dawo kaina. Kowane azumi nakan tattara in koma gida, in zauna a ƙofar ɗakinsa ina karantawa yana bi, izu biyu kullum har mu sauke. Da wannan sharaɗin ma aka yi aurena da Malam Sule. Ina da ƙane, Habu, ya iya karatu, sai dai yana yi kamar ana binsa da bulala, Baba kuwa ya ce irin wannan ba ya zama masa a kunne. Shi ya koya mini da kansa, harafi bayan harafi, ya nuna mini waɗanda ba sa fita sai harshe ya jingina da haƙoran gaba na sama. Yanzu ɗaya daga cikin haƙoran nan ya ɓalle a gefe, har iska ta sami hanya. In aka cire shi gaba ɗaya fa? Azumi kuma saura 'yan watanni.

Ba sai na yi tambaya ba, amsar tana zaune kusa da gidana. Goggo Yalwa, ƙanwar Baba ce, a garinmu ta yi aure, mijin ya rasu ta zauna. Tana da murya a da, ita ke ja wa mata karatu in an yi rasuwa. Wanzami ya cire mata na gaba guda biyu shekarun baya, tun daga nan ban ƙara jin ta ɗaga murya da karatu ba, sai dai ki ga leɓe yana motsi.

Wajen mako na uku ciwo ya zo da kayansa. Ba zafi ba ne irin na yanka, bugu ne, dum, dum, tare da bugun zuciya, yana hawa ta gefen hanci har ido. Barci ya ƙaurace mini. Daga nan masu magani suka fito, don ciwon haƙori babu wanda ba likitansa ba ne. Na danna kanumfari har bakina ya koma ƙamshin shayi. Na kuskure da gishiri, na kuskure da kanwa. Wata ta ce in niƙa ƙwayar ciwon kai in cusa, na cusa, dasashina ya yi fari ya saɓule. Aka kawo mai cire tsutsa, ya zuba wasu 'ya'yan itace a garwashi, ya kife ƙwarya mai huda, na buɗe baki na sha hayaƙi har hawaye, ya nuna mini wasu farare a cikin ruwa ya ce ga su nan sun fito. Ya karɓi abin da zai karɓa ya tafi, kafin la'asar ciwo ya dawo inda yake.

Goggo Yalwa tana zaune a kan tabarma tana kallon duk wannan.

"Ke dai kina son wahala, Kulu. A kira wanzami ya sa awartaki, fit, ki huta. Ni da aka cire mini mutuwa na yi?"

"Goggo, karatun Baba fa?"

"Yo karatu da haƙori ake yi ko da zuciya? In Allah ya kai ki Makka kya sa na zinare, ki dawo kina yi mana murmushi."

Malam Sule shi ma ya kawo tasa gudummawar. Ya dawo daga wurin mai inji da wani ruwa a 'yar kwalbar turare, ya ce ruwan batir ne, a ɗiga a auduga a danna, jijiyar ta mutu nan take, direbobi duk da shi suke yi. Na karɓa na gode. Da ya fita na ɗiga a tsumman goge tukunya na ajiye. Da ya dawo na ɗaga masa tsumman, ruwan ya cinye shi ya huda, ya leƙo ni ta cikin hudar.

"Malam, abin da ya yi wa tsumma haka shi za ka sa mini a baki?"

Ya sosa ƙeya ya ce shi dai taimako ya yi niyya. Na san taimako ya yi niyya, shi ya sa ban ƙara magana ba. Amma ina roƙon duk wadda ta karanta wannan, ko wa ya kawo mata ruwan batir, ko mijinta ne, ta zubar da shi a bayan gida.

Bayan 'yan kwanaki na tashi leɓena na sama ya kumbura ya tokare hanci, ga zazzaɓi, ga wani ɗaci a baki. Yarana suka gan ni suka ja da baya. A ranar Malam Sule ya ce mu tafi birni. Muka hau a-kori-kura zuwa Kura, muka shiga kiya-kiya zuwa Kano, kowane rami a hanya sai da haƙorin nan ya gaishe shi.

Asibitin haƙori na gwamnati ne. Mun ɗauka mun yi sammako, muka tarar da benci a cike, kowa ya tallafe kumatu da ƙyalle, babu mai yi wa wani magana. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, layin hoto daban, kuma babu mai gaya maka wanne ne wanne sai ka kai gaba a ce ba nan ba ne. Sai bayan azahar aka kira ni. Likitan ba Bahaushe ba ne, wani siriri mai tabarau, Hausarsa ba ta wuce sannu da buɗe baki ba. Na ji nauyin in wangale wa namiji baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya haɗa ni da wata nas 'yar Dawakin Kudu, ita ke fassara, kuma ita ce ta riƙe ni a duk jinyar nan. Allah ya saka mata da alheri a inda take.

Likita ya ɗaga hoton ga haske ya daɗe yana dubawa, ya yi magana, nas ta juyo.

"Ya ce jijiyar ciki ta mutu ta ruɓe, shi ne ya tara mugunya. Hanya biyu ce. Ko a cire, ki huta. Ko a huda ta baya a yashe cikin saiwar, a wanke, a cike, a gina inda ya ɓalle. Amma wannan sai kin yi ta zuwa, kuma bai yi miki alkawari ba. A hoto tsagar ba ta kai saiwa ba. In ta kai daga baya, wahalar ta tashi a banza."

Ya kira aikin da wani suna na Turanci, abin da na riƙe a ciki kanal kawai, don shi ne namu. Na kuwa gane, ai mu ma in kanal ya toshe ba rushe shi ake yi ba.

Malam Sule daga bakin ƙofa ya ce, "A cire kawai, likita."

Da kumburarren leɓena na ce, "A'a."

"Kulu, daga ina muke? Kin san nisan?"

"Na sani, Malam. Da ni aka zo."

Nas ta ce akwai na roba da ake sawa bayan an cire. Na riga na ga na roba a layi, a bakin wani dattijo, yana magana yana tura shi da harshe yana komawa. Na ce na gode. Likita ya tambayi abin da muke ja a kai, ta gaya masa. Ya dube ni ta saman tabarau ya faɗi wata magana, ita ce ta zauna mini har yau. Nas ta ce, "Wai cirewa kullum tana nan tana jiranki, ko yaushe kika zo. Ajiyewa ce ke da lokaci."

Na ce to a ajiye.

A ranar ya huda ya fitar da mugunyar, na ji kamar an sauke mini dutse daga fuska. Aka ba ni magani, aka sa mini ranar dawowa. Sai da muka hau mota Malam Sule ya lissafa ya ga ranar ta faɗa a ranar ruwansa. Ga wanda bai san noman rani ba, ruwan kanal bi da bi ake sakinsa, kowane ɓangare da ranarsa. In taka ta wuce ba ka nan, sai ka jira zagaye ya dawo, alkama kuwa a lokacin tana fitar da kai, ba ta san haƙuri ba. Likitan kuma rana ɗaya yake irin wannan aikin a mako. Muna isa Kura Malam ya fashe.

"Yanzu abincin shekara zan bari ya ƙone saboda haƙori ɗaya?"

"Ban ce ka bari ba. Ka yi ban-ruwanka, ka ba ni izini da 'yar rakiya."

"Wa zai raka ki?"

"Goggo Yalwa."

Duk da fushinsa sai da ya yi dariya. Ya san na ɗauko wa kaina rediyo. Haka kuwa aka yi. Duk mako Goggo ta yafa mayafi ta zo tun da sassafe, ba ta taɓa makara ba, ba ta kuma taɓa yin shiru ba. Daga gida har Kano wa'azin cirewa take yi mini, har fasinjoji su sa baki. Wani ya ce a cire, wani ya ce ƙanensa an cire masa haƙori, idonsa ya mutu, a kaure da gardama a kan bakina ina zaune. Amma ita ce ke kama mini wuri a benci, ita ke zuwa da kunu a kwano don ba na iya tauna, ita ce kuma ta taɓa yi wa mai kiran suna tas da ya tsallake ni ya shigar da wani mai babbar riga. Ina jin haushinta ina jin daɗinta, a rana ɗaya.

Aikin kansa ba wasa ba ne. A kwantar da ke a kujera, a haske miki fuska, a sa wani inji mai kuka a bayan haƙorin. Daga nan likita ya ɗauko wasu sirara kamar allura ya dinga zurawa yana murzawa yana fitarwa, ki ji abu yana tafiya a wurin da ba ki taɓa sanin akwai hanya ba. Nas ta ba ni hannunta, na matse shi har na ji kunya daga baya. In ya gama ya sa magani ya toshe da wani farin abu na wucin gadi, a ce sai wani makon.

Ba kowane zuwa ake aiki ba. Akwai ranar da muka isa aka ce babu wuta. Muka zauna har la'asar, wuta ba ta zo ba, aka ce mu dawo gobe ko likita zai taimaka. Ni kuma na bar shansherar wata mata a jiƙe, da niyyar in dawo da rana in turara. Na dawo a gajiye, washegari na sake komawa, kafin in waiwaye ta ta yi tsami, warinta har zaure. Dole na biya matar da tawa shinkafar, ta kuma kwashe cinikinta ta kai wani gida. Kuɗin mota da na magani su ma daga buhunan da na ajiye suka fita, ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa. Amma ko a cikin kukan ban ce da na sani ba.

Mafi munin mako shi ne wanda abin toshiyar ya faɗo ina cin tuwo. Kwana biyu leɓe ya sake tashi. Muka koma ba ranarmu ba, aka ce likitana ya yi tafiya, nas ɗina ma ba ta aiki ranar. Wani ne daban ya duba ni, yana sauri, layi ya yi masa yawa. Ya leƙa, ya taɓa, ya yi wa mataimakinsa magana. Na ga an ɗauko allura, na ga an ajiye wani ƙarfe a faranti. Ban yi boko ba, amma na san awartaki ko an wanke shi da sabulu.

"Me za a yi?"

"Cirewa. Ya lalace, Hajiya. Buɗe baki."

Na rufe bakina gam. Na sauko daga kujerar, na laluba takalmina.

"Ke, ina za ki? Mutane na jira!"

"Su shigo. Ni wankewa na zo a yi mini a mayar da toshiya. In ba za a yi ba, a ba ni magani in jira mai aikin."

Ya ce in kumburin ya haura ido kada in zo in ce ba a gaya mini ba. Ban ce ƙarya yake ba, kuma ba na zarginsa, abin da ya gani ya faɗa. Ya rubuta magani ya miƙo ba tare da ya dube ni ba. A waje Goggo ta riƙe haɓa.

"Tabɗi! An kai ki har bakin sauƙi kin sauko? Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba."

Ba ta tsaya nan ba. Ta aika wa Baba Malam da labari, da ƙari a kai. Sai ga saƙo wai yana nemana. Na je da fuskata a karkace, na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na gaishe shi. Yana zaune a kan buzu, ya juyo da kunne wajena.

"An ce kina neman kashe kanki saboda ni."

"Ba haka ba ne, Baba."

"Muryarki ma ta nuna. Ki je a cire. Karatu da giɓi ma karatu ne, Allah ya san uzuri. In ya gagara Habu ya karanta, zan yi haƙuri da gudunsa."

Ban taɓa musa masa magana ba tun da nake. Na sunkuyar da kai, zuciyata tana bugawa tare da haƙorin.

"Baba, ka yafe mini. Kai ka ce kowane harafi a fitar da shi daga inda aka ajiye shi. Shi na iya, ban iya wani ba. In likita ya dawo ya ce babu hanya, ni da ƙafata zan hau kujerar. Amma ba zan ba da shi ba tun da sauran hanya."

Ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Taurin kan nan dai na uwarki ne, Allah ya jiƙanta." Bai ce na yarda ba, bai kuma sake cewa a cire ba. Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Maganin ya riƙe kumburin, bai haura ba, Alhamdu lillahi. Da likitana ya dawo ya sake ɗaukar hoto, ni kuwa ina kallon fuskarsa kamar mai jiran hukunci. Ya ce tsagar tana inda take. Ya sake wankewa daga farko, ya ƙara mini wasu makonni. Zafi ya shigo, aka yanke alkama, Malam Sule ya sami amfanin da ya wanke masa zuciya, har ya karɓi Goggo rakiyar zuwan ƙarshe. Ana saura kwanaki kaɗan a ga watan azumi aka cike saiwar, aka gina kusurwar da wani abu mai kalar haƙori. Nas ta miƙo mini madubi. Godiya nake ta jerawa har likita ya gaji ya ce a kira na gaba.

Gargaɗinsa ɗaya ne, kuma shi nake miƙa wa masu sana'ata. Ya ce haƙorin da aka cire wa jijiya ba ya jure cizo, kada in ƙara gwada shinkafa da shi. Tun daga nan a kan turmi nake danna ƙwayar da gindin cokali, tana ba da amsa daidai da yadda take ba haƙori. Wadda ta ga lallai sai ta ciza, to ta duba abin da ta ɗauko tukuna. In kuma ya riga ya tsage, kada ta zauna jiran kanumfari da hayaƙi har ya ruɓe. Da na je a makon farko, da rabin wahalar nan ban sha ba. Haƙorin ya ɗan yi duhu da shekaru, amma yana nan a bakina ina wannan rubutu.

Baba Malam ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya haskaka kabarinsa, kuma duk azumin da ya rage masa ni na karanta masa. Sai dai safiyar farko ta azumin shekarar da aka gyara haƙorin ita ce ba ta barina.

Na shimfiɗa tabarmata a ƙofar ɗakinsa, na ɗora Alƙur'ani a cinya. Goggo Yalwa ta biyo ni garin, ta zauna can gefe wai ta zo ganin ƙarshen taurin kai. Na gyara zama zan fara, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Matso nan."

Na matsa kaɗan.

"Matso dai."

Ni ce 'yarsa ta fari. Saboda kunya ko sunana ba ya faɗa, kuma tun da na yi wayo ban san ranar da hannunsa ya taɓa jikina ba. Ya miƙo hannun nan yana lalube, ya sami haɓata, ya hau zuwa leɓe. Na buɗe baki. Ya ɗora babban yatsansa a kan haƙorin, ya tura shi baya, ya jawo shi gaba, kamar mai gwada dirkar rumfa. Haƙorin bai motsa ba. Hawaye suka zubo mini har kan hannunsa, bai janye ba sai da ya gama.

Ya koma ya jingina da bango, ya goge hannun a rigarsa.

"Ya kafu," ya ce. "Bismillah, ja mu je."